Akwatin Gurnani Na Jita: Yadda Mai Koyo Zai Haɗa Nasa

Wata ranar Asabar da la'asar, cikin zango na biyu, ina zaune a gida ina duba littattafan ɗalibai, sai na ji wata ƙara tana fitowa daga ɗakin taro kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Da na isa sai na tarar da yaron da ke kaɗa wa ƙungiyar mawaƙa jita ya murɗa amfilifayar makaranta har ƙarshe, lasifika tana rawa kamar za ta yage. Ita kaɗai ke gare mu, kuma tsofaffin ɗalibai ne suka yi karo-karo suka saya mana. Na ce masa, "Kai, me kake nufi da wannan?" Ya ce, "Malam, ba ɓarna nake so ba. Wata murya nake nema." Ashe a lokacin hutu ya ji makaɗan jita na Agadas a wayar yayansa, ya ji jitarsu tana gurnani, tana jan sauti kamar goge, shi kuwa tasa tana cewa "tin-tin" kawai.

Na hana shi taɓa amfilifayar har mako biyu, amma maganarsa ta zauna mini a rai, gama abin da yake nema ba laifi ba ne, hanyar da ya bi ce za ta jawo mana asara. Makaɗan da ya ji ba lasifika suke azabtarwa ba. Yawancinsu suna da ɗan akwati a ƙasa, tsakanin jita da amfilifaya, wanda suke takawa da ƙafa. Makaɗa suna kiransa feda, kamar ta keke. Da muka tambayi kuɗin na kanti a Kano, ya fi na buhun masara. Don haka muka kawo maganar ƙungiyar kimiyya ta makaranta, muka ce bari mu gwada haɗa namu. Ni ba injiniya ba ne. Takardar koyarwa gare ni, kuma kafin wannan aiki ban taɓa liƙa komai da dalma ba sai wayar tocila. Sau biyu muka haɗa bai yi magana ba, a na uku ya yi. Abin da muka koya a tsakani shi ne nake so in rubuta domin ɗaliban da za su zo bayanmu.

Daga ina wannan murya ta fito?

Daga kuskure ta fito. A shekarar 1960, a birnin Nashville na Amurka, ana ɗaukar wata waƙa ta mawaƙi Marty Robbins, sai wani sashe na na'urar ɗaukar sauti ya lalace, jitar da Grady Martin ke kaɗawa ta fito da kaushi. Maimakon a sake ɗauka aka bar ta haka, waƙar ta fito a 1961, mutane kuwa suka so ta. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera ɗan akwati mai yin wannan lalacewa da gangan, kamfanin Gibson ya fara sayar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Bai yi kasuwa sosai ba sai a 1965, sa'ad da ƙungiyar Rolling Stones ta yi amfani da shi. A 1966 aka fito da wani a Landan mai suna Fuzz Face, wanda Jimi Hendrix ya yi suna da shi. In ka buɗe cikinsa za ka yi mamaki: tiransista biyu ne, da rasista huɗu, da kafasita uku, da mamurɗi biyu. Tsohon rediyon kakanka ya fi shi kaya nesa ba kusa ba.

Mu kuma kada mu ɗauka baƙon abu ne a kunnenmu. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma a kan wuyan irin wannan abin kiɗa akan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba domin ya riƙa kaɗawa tare da tsirkiyar. Ganga ma akan gitta mata siririyar igiya a kan fata domin ta yi zuga. Makaɗanmu tun da can ba su son sauti ya fito sumul kamar ruwan randa, sun fi son ya zo da ɗan yaji. Kuma ɗaya daga cikin mutanen da yaron nan ya ji, Mdou Moctar na Nijar, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta, faifansa na farko kuwa a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

A ƙarƙashin wayoyin jitar lantarki akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. Sa'ad da wayar jita, wadda ta ƙarfe ce, ta yi rawa a kan maganaɗisun, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, mai hawa da sauka daidai da rawar wayar. Wutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kamar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na bolt. In aka zana hawa da saukarta a takarda, za ta yi kama da gonar da aka yi wa huɗa in ka tsaya a bakinta kana kallo: kunya, kwari, kunya, kwari, kowace kunya da kanta a kewaye. Waya ta biyar ta jita, in an ɗaure ta daidai, tana yin kunya 110 a daƙiƙa ɗaya.

Akwatinmu aiki biyu kawai yake yi. Na fari, yana ɗaga kunyoyin su yi tsawo. Na biyu, yana sare kawunansu su zama shafaffu, kamar wanda ya bi gonar da fartanya yana datse saman kowace kunya. Yawan kunyoyin bai sake ba, don haka muryar tana nan a matsayinta, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Amma siffarsu ta sake, kuma kunne siffa yake ji. Kunya mai kusurwa tana ɗauke da wasu ƙananan muryoyi a kan ta asali: a kan 110 sai a sami 330, da 550, har sama. Su ne gurnanin. Akwai kuma riba ta biyu. Wayar jita in an kaɗa ta, ƙarfinta raguwa yake yi a hankali, amma tun da an ɗaga kunyoyin sun wuce inda ake sarewa, tsawonsu bayan sara ɗaya ne har sai wayar ta kusa yin shiru. Shi ya sa sautin yake ja kamar na goge. Abin da yaron nan yake yi wa amfilifayarmu ke nan, yana tura ta har ta kasa, ta sare kawunan da kanta, lasifika kuwa tana shan wahalar. Wani makaɗi na Ingila, Dave Davies, a 1964 har reza ya sa ya tsaga lasifikarsa don neman wannan murya. Tasa ce, ba ta makaranta ba.

Mai ɗaga kunya shi ne tiransista, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1947. Ɗan baƙin abu ne kamar ƙwayar wake, da ƙafa uku, ana kiransu da haruffa B da C da E. Ku ɗauke shi kamar kan famfo. Ruwa mai yawa yana so ya bi daga C zuwa E, B kuwa ita ce hannun famfon: ɗan motsi kaɗan a B yana sake yawan abin da ke wucewa. Wutar jita tana motsa B, wutar batir tana kwaikwayon motsin da girma, sau talatin ko fiye.

Mai saran kai kuwa shi ne dayod. Shi kamar bawul ɗin tayar keke yake, hanya ɗaya yake bari a wuce, kuma ba ya buɗewa sai an matsa masa. Dayod na silikon yana buɗewa a wajen bolt 0.6. In muka sa guda biyu daga hanyar sauti zuwa ƙasa, ɗaya yana kallon sama ɗaya yana kallon ƙasa, duk abin da ya haura 0.6 ta kowane gefe sai ya zube, kamar yadda ruwan dam ɗin Mairuwa ke bin mazuba in ya cika da damina.

Kayan da za a nema

Tsarin da muka bi tsoho ne, masu wannan sana'a sun san shi da sunan Electra, kuma tiransista ɗaya kawai yake ci. Ana bukatar tiransista irin C945 ko 2N3904 ko BC547, da dayod biyu masu lamba 1N4148, da kafasita biyu masu lamba 104 a jiki, da rasista uku. Rasista ba a rubuta masa lamba, zobban launi ake yi masa, don haka ku lura. Na 47K yana da rawaya, shunayya, ruwan goro. Na om 680 yana da shuɗi, ruwan toka, ruwan ƙasa. Na 2.2M yana da ja, ja, kore. Sai mamurɗin ƙara na 100K, irin na rediyo mai ƙafa uku, da soket biyu na babban filogin jita, da batir mai bolt 9 mai kusurwa huɗu tare da hularsa, da ɗan allon Vero mai ramuka.

Ƙananan kayan nan gaba ɗaya ba su kai kuɗin mudun masara ba. Yawancinsu ma kyauta muka samu. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Funtuwa ya juye mana kwalin matattun alluna ya ce mu zaɓa, har ya nuna wa yara yadda ake cire tiransista ba tare da an dafa shi ba. C945 kam kusan kowane tsohon rediyo ko kaset yana da shi. Soket da mamurɗi su ne aka saya, wani malami ya taho mana da su daga Sabon Garin Zariya. In kun je wurin irin waɗannan mutane ku gaishe su da ladabi, ku zauna ku kalli hannunsu. Na koyi abin da ya fi na littafi a awa ɗaya a kan bencin dattijon nan.

Gargaɗi ɗaya ba na wasa ba. Matattun rediyoyin batir kawai za ku taɓa. Kada ɗalibi ya buɗe bayan talabijin ko amfilifaya ko wani abu mai shiga wutar gida, ko da an cire shi daga soket, gama manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an kashe. Batir mai bolt 9 ba ya yi wa mutum komai. Wancan kuwa yana kisa.

Haɗawa

Kafin ku ɗauki ƙarfen liƙi, ku ɗauki fensir. Ku ja layi biyu a takarda, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na sama shi ne jar wayar batir. Na ƙasa shi ne baƙar waya, za mu riƙa kiransa layin ƙasa. Ku zana tiransista a tsakiya. Daga C zuwa layin sama, rasista 47K. Daga E zuwa layin ƙasa, rasista 680. Tsakanin C da B, rasista 2.2M; aikinsa shi ne ya ɗiga wa B 'yar wuta kullum domin famfon ya zauna a ɗan buɗe, yana jiran jita. Daga harshen soket ɗin shiga, watau ƙarfen da ke taɓa tsinin filogi, ku sa kafasita ta farko zuwa B. Daga C ku sa kafasita ta biyu zuwa wani wuri da za mu kira mahaɗa. Kafasitocin nan masu gadi ne: suna barin sauti ya wuce, suna tsare wutar batir kada ta fita zuwa jita ko amfilifaya. Daga mahaɗa zuwa layin ƙasa ku sa dayod biyu gefe da gefe, ɗaya baƙin zobensa na sama, ɗaya na ƙasa. Mamurɗi kuma, ƙafar gefe ɗaya ta tafi mahaɗa, ta ɗaya gefen ta tafi layin ƙasa, ta tsakiya ta tafi harshen soket ɗin fita. A ƙarshe jikin soket duka biyu ya haɗu da layin ƙasa. Shi ke nan. Duk wanda ya iya zana wannan sau biyu ba tare da ya duba ba, ya shirya.

Liƙi da dalma shi ne inda mai koyo ya fi faɗuwa. Kuskuren kowa ɗaya ne: a narka dalma a bakin ƙarfe, a ɗauko ta kamar man shanu a shafa a kan waya. Ba ta kamawa haka. Ƙafar kayan da jan ƙarfen allo ake ɗora wa bakin ƙarfen tare, a ƙirga biyu, sa'an nan a taɓa dalmar a wurin, ita da kanta za ta narke ta bi. Liƙi mai kyau yana ƙyalli, yana da siffar ɗan tsibi. Wanda ya dunƙule kamar kashin akuya, ya yi duhu, bai kama ba, ko da ya yi kamar ya kama. Kayan da aka ciro daga tsohon rediyo a kankare ƙafafunsu da reza tukuna. Dalmar liƙi tana narkewa a wajen digiri 190, watau kusan ninki biyu na tafasasshen ruwa, don haka a tanadi wurin ajiye ƙarfen. Ranar da babu wuta mun yi aiki da guntun jan ƙarfe mai ƙotar itace da muke dasawa a garwashi, kamar yadda masu gyara na ƙauye ke yi. Yana yi, sai dai yana son haƙuri.

Dalma guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Namu aikin bai kai wannan haɗari ba, amma na ga ɗalibi yana riƙe wayar dalma da haƙori don hannuwansa sun cika. Kada a yi haka. A buɗe taga, kada a ci gyaɗa a kan teburin aiki, a wanke hannu da sabulu in an tashi.

Inda muka yi tuntuɓe

Haɗinmu na farko shiru ya yi kamar kabari. Kwana uku muna dubawa, har wasu yara suka fara cewa ai abin sai Turawa. Laifin kuwa nawa ne. Zanen da na samu na 2N3904 ne, mu kuwa C945 muka sa, na ɗauka duk tiransista ɗaya ne tun da kamarsu ɗaya. Ba haka ba ne. In ka riƙe shi shafaffen gefen yana kallonka, ƙafafu suna ƙasa, daga hagu zuwa dama 2N3904 yana tafiya E, B, C. C945 yana tafiya E, C, B. BC547 kuwa C, B, E. Ku rubuta wannan a bangon littafinku.

Na biyu ya yi magana, amma ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Wata yarinya 'yar aji huɗu ce ta gano shi. Ta ɗaga allon a hasken taga ta ce, "Malam, wannan ja, ja, ja ne, ba ja, ja, kore ba." Mun sa 2.2K a wurin 2.2M, watau ƙarami sau dubu. Tsohon rasista launinsa yakan dushe, fitilar aji kuma ba ta taimaka ba.

Daga nan muka ari mita daga ɗakin gwaje-gwaje, kuma da mun yi haka tun farko da ba mu ɓata mako ba. A sa baƙin tsinken mita a layin ƙasa, a taɓa ƙafafun tiransista da jan. C ya kamata ya nuna tsakanin bolt 2 da 3 da ɗan wani abu, B wajen 0.7, E wajen 0.1. In C ya nuna 9 cur, tiransistan barci yake yi: ko ƙafafu sun juye, ko 2.2M bai kama ba. In C bai kai bolt 1 ba, a duba launin rasista, a kuma duba ko dalma ta tsallaka tsakanin layi biyu na allon. Mita ba ta san kunya ba, ba ta kuma san wane ne malami ba.

A haɗi na uku, kafin mu sa jita, sai muka ji wani mutum yana karanta labarai da Hausa daga cikin amfilifaya. Yara suka watse da dariya, wani ya ce mun yi niyyar feda mun haɗa rediyo. Dalili shi ne dogayen wayoyi tsirara suna kama duk abin da ke yawo a iska, har da gunjin wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa, tiransista kuwa ba ya zaɓe, duk abin da aka ba shi sai ya ƙara masa girma. Maganinsa a gajarta wayoyi, a sa komai cikin akwatin ƙarfe, a haɗa jikin akwatin da layin ƙasa. Mun fara tunanin gwangwanin kifi don girmama kuntigi, amma ba zai jure taku ba. Muka sayi akwatin ƙarfe irin wanda masu wayarin gida ke binnewa a bango, muka yi masa murfi. A shimfiɗa kwali ko guntun robar tayar keke a ƙarƙashin allon don kada liƙin ya taɓa ƙarfe.

Makunnin da ake takawa da ƙafa yana da wuyar samu a nan, sai muka sa na hannu mai ƙafa shida, layi biyu uku-uku. Biyun tsakiya suna zuwa harsunan soket na shiga da na fita. Biyun gefe ɗaya suna zuwa mashiga da mafitar allonmu. Biyun ɗaya gefen a haɗa su da guntun waya, domin in an kashe, sauti ya wuce kai tsaye kamar babu akwatin. Batir kuwa a cire shi bayan an gama, ko da yake abin da tsarin ke sha bai kai kashi ɗaya cikin biyar na miliamfa ba, batir ɗaya zai iya kai ku ƙarshen zango.

Wanda nasa ya yi aiki, sai ya fara wasa da dayod, gama a nan ɗanɗanon yake. A cikin tsofaffin rediyoyi akwai wani na gilashi mai lamba 1N60 ko 1N34A, na jamaniyam, wanda ke buɗewa a wajen bolt 0.3. In aka sa shi a madadin ɗaya daga cikin biyun, saran gefe ɗaya ya fi na ɗayan zurfi, muryar takan yi laushi, kuma ni ita na fi so. A riƙe ƙafarsa da filaya lokacin liƙi, don ba ya son zafi. In aka sa ƙananan jajayen fitilu irin na gaban rediyo, su sai wajen bolt 1.7 suke buɗewa, sautin ya fi ƙarfi, gurnanin ya ragu. Tiransistan jamaniyam kuwa, irin na Fuzz Face na farko, ban ba ku shawararsa ba. Halinsa yana sakewa da zafi, abin da ya yi daɗi da safiyar hunturu ba lalle ya yi daɗi da azahar ɗin watan Afrilu a Malumfashi ba.

Yaron da ya jawo wannan magana shi ne ya fara gwadawa. Ya danna wayoyi shida gaba ɗaya kamar yadda ya saba, sai aka ji hargitsi kamar kasuwar Bakori ta watse. Haka abin yake: ƙananan muryoyin kowace waya suna karo da na 'yan'uwanta. Gurnani yana son waya ɗaya, ko biyu masu jituwa, kuma yana son a rage mamurɗin jikin jita in ana so ya lafa. Ya ɗauki kusan wata ɗaya kafin hannunsa ya saba. Malamar da ke kula da ƙungiyar mawaƙa ta saurara, ta yarda ya kunna shi a tsakiyar waƙa inda muryoyi suka tsaya, da sharaɗin ya kashe da zarar an koma baiti. Amfilifayar makaranta yanzu ba ta wuce lamba huɗu. Akwatin yana cikin kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje, zanensa yana manne a cikin murfin, tare da kwalin ragowar kayan da dattijon Funtuwa ya ba mu, waɗanda za su isa a haɗa guda uku ko huɗu.